Ranar da Aka Jawo Anakleto Cikin Kifi

"Ajiye mini tukunyar nan."

"Ba zan ajiye ba. Tukunyar uwata ce."

"Uwarka? Ni a kasuwa aka sayo ni?"

Anakleto na tsaye a tsakiyar rumfa rungume da tukunyar miya kamar mai shirin kai jariri coci. Yayarsa Felismina ta tare ƙofa, wuƙar gyaran kifi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ƙugu. Rumfar ta mahaifiyarsu Ermelinda ce. Shekara talatin ta yi tana gasa kifi a ciki, a bakin tekun ƙauyenmu da ke kudancin tsibirin Sao Tome, kuma tun da ta rasu Felismina ke riƙe da wurin. Shi kuwa Anakleto kwanansa goma sha ɗaya da dawowa daga Lisbon. Wata bakwai ya yi a can, amma wata bakwan nan sun lanƙwasa masa harshe. Yanzu ta hanci yake magana, yana haɗiye rabin kowace kalma kamar mai ciwon haƙori.

"Yaya Mina, ki fahimce ni," in ji shi. "Wannan ba gidan abinci ba ne. Hayaƙi ne aka yi wa rufi."

"Hayaƙin nan ne ya raine ka, Kileto."

"Sinyor Anakleto."

"Kileto mai tsoron kaguwa."

"Bature fa ba ya cin abinci a kan benci, kaji na bi ta ƙafarsa. Ni na gani da idona. Ni da na yi shugaban masu kai abinci a wurin da cokula huɗu ake ajiye wa mutum ɗaya."

"Bakinsu huɗu?"

Inna Dumingas, ƙanwar mahaifiyarsu, tana zaune a kan kifaffen bokiti tana ɓare tafarnuwa. Kwana goma sha ɗaya tana jin wannan karatun, ranar dai kunnenta ya cika.

"Ku rufe mini baki, ku biyun," ta ce. "Ranar Asabar Ipolitu direba zai kawo baƙi tara daga otal. Ke ki hura wutarki, kai kuma ka yi abin da ka koyo. Wanda baƙi suka fi cin nasa, rumfa tasa, tukunya tasa. Wanda ya faɗi, shi zai riƙa gyara wa ɗan'uwansa kifi har shekara ta zagayo."

Anakleto ya ajiye tukunyar a hankali, ya shafa murfinta.

"Yaya, kada ki damu. Ba na tsangwamar ma'aikata."

Felismina ta bar bakin ƙofa. Ta ci gaba da kankare kifinta.

Washegari ya fita zaɓen wuri. Bakin tekunmu duk baƙaƙen duwatsu ne, sai wani zirin rairayi guda ɗaya, sumul, tun daga ruwa har gindin itatuwan kwakwa. Anakleto ya tsaya a kai yana girgiza kai, yana mamakin yadda mutanen gari guda za su zauna shekaru ba wanda ya lura da shi. Ya auna da taku, ya kafa sanduna huɗu.

Baba Zeferinu masunci na zaune a gefe yana ɗinkin komar kamun kifi, aladensa mai roɗi-roɗi, mai kunne ɗaya, kwance kusa da shi.

"Ɗan Ermelinda," ya ce, bai ko ɗaga kai ba, "nan fa hanyar jirgin kamun kifi ce. Kakanka na cikin waɗanda suka kwashe duwatsun."

"Ya kyauta, ya rage mini aiki. Ranar Asabar sai ku sauka gaba kaɗan."

"Gaba dutse ne."

"To baya kaɗan."

"Baya ma dutse ne."

"Baba, wannan matsalar masu jirgi ce. Abin da ya kawo ni ma daban. Ranar Asabar a ware mini manyan kifi guda tara, masu jan baya."

"A ware daga ina?"

"Daga jirgi mana."

Sai a lokacin tsohon ya ɗago ya dube shi.

"Wata bakwai ka yi ko shekara saba'in? Wanda ya kama igiya ya ja jirgi tudu, kifi ɗaya. Abin da ya rage a cikin jirgi na Felismina ne, yadda yake na uwarku a da. Ita ke sayar mini. In kana so, ka zo ka ja, ka samu ɗaya."

Anakleto ya miƙa hannuwansa biyu, ya juya su gaba da baya.

"Hannuwan nan, Baba, sun zuba wa minista ruwa."

"To su zuba maka kifi."

Anakleto ya tafi yana murmushi. Ya san tsofaffi. Ranar da Baba Zeferinu ya ga Turawa tara jere a kan kujeru, kunya kaɗai za ta sa ya kawo kifin da kansa, har da ba da haƙuri. Aladen ya tashi ya bi bayansa, kuma daga ranar bai sake rabuwa da shi ba.

Shiri ya kankama. Ya aro tebura uku daga makaranta, kujeru daga coci, zannuwan gado daga gidan Inna ba tare da ya ce mata na tebur zai yi ba. Ya cire ƙyauren ɗakinsa ya rubuta LISBON ƘARAMA a jiki da farin fenti, ya kwana biyu babu ƙofa, aladen na leƙa shi. Cokula kuwa sai da ya zaga gida goma sha huɗu kafin ya haɗa talatin da shida.

Ranar Juma'a ya je wurin mai bammi ya cika kwalabe shida, ya danna wa kowace toshiya, ya ɗaure da waya.

"Kileto, ba a toshe bammi," mai bammin ya ce. "Ganye ake sa masa a baki ya riƙa numfashi."

"A Lisbon giyar manya da ƙara take buɗewa."

"Ai wannan ma zai yi ƙara."

"Ka gani? Shi nake nema."

Ya binne kwalaben a cikin rairayi don su yi sanyi, daidai inda rana ke kwana.

Saura riga. Shugaban masu kai abinci ba ya fita sai da baƙar kwat mai jela, kuma a garinmu 'yan wasan kwaikwayo kaɗai ke da irinta. Sun ara masa, da farar safar hannu, amma da sharaɗin kada ya cire ko zare ɗaya. To kwat ɗin ta sarki ce a wasa. Kintinkiri ja da kore na reto daga kafaɗa har gwiwa, ga ƙananan madubai an ɗinke ƙirji da baya da su. Da ya saka ya fito ranar Asabar da la'asar, hasken da ya tashi daga jikinsa sai da ya kori kaji.

Rabin gari ya riga ya samu wurin zama a kan duwatsu. Can gefe, taku hamsin daga teburan, Felismina ta hura gawayi, ta jera ayaba a kan waya, tana daka barkono da lemun tsami. Kifi ko ɗaya babu a gabanta, kuma ko a jikinta.

Motar Ipolitu na tsayawa, Anakleto ya tare baƙin tun a bakin hanya. Ya sunkuya har kintinkiri ya share ƙasa.

"Ranku ya daɗe, ta nan. An tanadar muku wuri."

Baƙin suka ɗaga wayoyi suna ɗaukarsa hoto. Ya ɗauki wannan a matsayin nasara ta farko, ya waiwaya ya tabbatar Felismina ta gani.

Suka zauna. Wani dogo mai jan gemu, da ya ba kujera nauyinsa, sai ƙafafunta na baya suka nutse cikin rairayi, ya koma yana kallon sama. Anakleto ya cusa ɓawon kwakwa a ƙarƙashi.

"Haka aka tsara ta, ranka ya daɗe. Don kallon gajimare."

Ya raba takardun abinci da ya rubuta da hannunsa. Abinci bakwai ne, dukkansu kifi. Akwai Kifin Sarauniya, akwai Kifi Cikin Tunani, akwai Kifi Yadda Minista Ke So. Kowa ya zaɓa, shi kuma ya rubuta da fensir, yana gyaɗa kai kamar likita.

A cikin baƙin akwai wata tsohuwa 'yar firit mai faffaɗar hula. Da ta ji yadda yake haɗiye kalmomi sai fuskarta ta washe.

"Kai ɗan nan, a Lisbon ka zauna? Ai garina ne. Ina ka yi aiki?"

Anakleto ya faɗi sunan titi da lamba, da sauri, ta hanci.

"Ikon Allah! Unguwarmu ce. Amma lambar nan ai wurin wankin mota ne."

"Bayansa, ranki ya daɗe."

"Bayansa maƙabarta ce."

"Shi ya sa manya ke son wurin. Babu hayaniya."

Daga kan duwatsu wata mata ta maimaita "babu hayaniya" ta hanci, aka wuce da ita baki baki har ta isa rumfar Felismina.

Ipolitu ya jawo shi gefe.

"Kileto, ina abincin? Mutanen nan tun safe suke hawan dutse."

"Ipolitu, tuƙi ka sani. Bature ba ya daraja abincin da ya zo da wuri. Sai ya jira, ya jira, ya fara tunanin rayuwarsa, sannan a kawo."

"To kifin yana ina?"

Anakleto ya nuna teku da haɓa. "Yana hanya."

Kafin nan ya kawo somin-taɓi. Manyan farantai tara, a tsakiyar kowanne yankan soyayyiyar ayaba ɗaya tal, da ganye ɗaya a kanta. Mai jan gemu ya ɗaga ganyen ya duba ƙarƙashi, ya dubi cokula huɗun da ke gabansa, ya dubi matarsa. Ba wanda ya taɓa. Sun ɗauka ado ne.

Ya kunna kyandir, iskar teku ta kashe. Ya sake kunnawa ta sake kashewa. A karo na biyar ya bar su haka, ya ce idon Bature ba ya son haske da yawa.

Sannan ya tono kwalba ta farko. Da zafinta ta fito, kamar dankalin da aka ciro daga toka. Ya naɗe ta da farin ƙyalle, ya zagaya teburan yana nuna wa kowa, ya tsaya a tsakiya ya fara warware wayar. Mai bammi da ke kan dutse ya toshe kunnuwansa. Na kusa da shi suka yi koyi da shi.

Toshiyar ba ta jira an gama ba. Ta tashi da ƙarar da ta tayar da tsuntsaye daga kan kwakwa, ta ɗauke hular tsohuwar Lisbon ta jefa a ruwa. Kumfa ya biyo baya, fari fat, mai tsami, ya wanke gemun mai gemu, ya cika farantai biyu, sauran ya dawo wa Anakleto cikin hanci. Kamar jira suke, biyu daga cikin kwalaben da ke binne suka amsa daga ƙarƙashin ƙasa, rairayi ya yi tsalle.

Anakleto ya share fuska da safar hannu, ya leƙa cikin kwalbar. Abin da ya rage bai kai cokali uku ba.

"Shekararta ta yi kyau," ya ce.

"Na jiya ne!" mai bammi ya yi kira daga kan dutse.

Ana cikin haka aka ji busar ƙaho daga teku. Jirgin Baba Zeferinu ne, ya nutse har baki saboda nauyi. Duk wanda ke kan dutse ya miƙe. Mata suka ɗaure zani, maza suka naɗe wando, wasu suka kinkimo gungumen da ake shimfiɗa wa jirgi ya gangara a kai. Suka fara jera su daga bakin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, har suka iso ƙafar teburin farko.

"An kama wurin nan," in ji Anakleto.

"Ɗaga ƙafa, Kileto."

"Na ce an kama! Akwai manyan baƙi!"

"Sannunku da zuwa," mutanen suka ce wa baƙin cikin ladabi, suka ɗaga teburin farko da farantansa da cokulansa suka ajiye a kan duwatsu. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Baƙin suka tsinci kansu zaune a kan kujeru babu komai a gabansu, gungume na wucewa ta tsakaninsu.

Aka jefo igiya. Mai jan gemu ya tambayi Ipolitu me ake yi, Ipolitu ya gaya masa. Bai gama ba mutumin ya tuɓe takalmi. Matarsa ta bi, sauran suka bi, har tsohuwar Lisbon, wadda ta samu wuri tsakanin Inna Dumingas da matar mai bammi, ta tofa yawu a tafin hannu yadda ta ga sun yi.

"Ranku ya daɗe, ku zauna! Wannan ba na baƙi ba ne! Abincinku na zuwa!"

"Ga shi nan muna jawowa," in ji Ipolitu, shi ma igiya a hannu.

Anakleto ya ga abu ɗaya ya rage masa. Ya gangara bakin ruwa ya tsaya a gaban hancin jirgin, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar ɗan sandan kan hanya, madubai na walƙiya.

"Baba Zeferinu! Da sunan Lisbon Ƙarama, ka tsaya!"

Baba Zeferinu ba shi da birki, teku ma haka. Igiyar ruwa ta ɗago jirgin, mutum arba'in suka ja a tare, hancin jirgin ya shiga tsakanin ƙafafun Anakleto ya ɗauke shi cak. Ya yi iyo a iska, ya faɗa da baya cikin jirgin. Abin da ake gani kawai takalma biyu da kintinkiri.

"Ya ƙara nauyi!" wani ya ce.

"Ku ja dai!"

Aka ja, ana waƙa, Turawa na amsawa da abin da kunnensu ya ba su. Jirgin ya bi ta kan gungume, ya ratsa tsakiyar Lisbon Ƙarama, ya taka ƙyauren da aka rubuta sunan, ya tsaya a gindin kwakwa.

Baba Zeferinu ya fara rabo. Duk wanda ya kama igiya ya miƙo hannu, a ɗora masa kifi ɗaya. Baƙi tara, kifi tara. Mai jan gemu ya rungume nasa kamar an ba shi kambun zinariya. Tsohuwar Lisbon ta sa aka ɗauke ta hoto tana sumbatar nata.

Daga cikin jirgin wata farar safar hannu, wadda yanzu ba fara ba ce, ta ɗago.

"Baba, nawa fa?"

"Ka ja?"

"Ina wurin."

"Kai aka jawo, ba kai ka ja ba." Tsohon ya juya ya ɗaga murya. "Felismina! Zo ki kwashe kayanki. Duk abin da ya rage a jirgi naki ne."

Felismina ta zo da babban kwano a ka. Ta leƙa cikin jirgin, ta daɗe tana kallo.

"Wannan babban ba zai sayu ba, Baba. Ya yi ƙashi da yawa."

"Haka teku ta ba mu."

Anakleto ya tsallako, wani ƙaramin kifi maƙale a aljihun ƙirjinsa. Ya gyara kwat, ya sha gaban baƙin da ke tsaye kowa da kifinsa yana waige-waige.

"Ranku ya daɗe, ku kawo nan. Wane ne mai Kifi Cikin Tunani?"

"Ina murhunka?" Ipolitu ya tambaya.

Anakleto ya waiga hagu da dama. Cokula talatin da shida ya tara, da kyandir goma, da takardun abinci tara. Murhu dai bai zo masa a rai ba ko sau ɗaya, don a inda ya ce ya yi aiki abinci ta wata 'yar taga yake fitowa.

"A ina ake gasawa?" tsohuwar ta tambaya.

Mutum arba'in suka turo baki wajen rumfar Felismina. Ko ba su nuna ba, ƙamshin barkono da lemun tsami ya riga ya iso.

Kafin rana ta taɓa ruwa, baƙin tara na jere a kan benci, kaji na bi ta ƙafafunsu, suna cin kifi da gasasshiyar ayaba da hannu. Mai bammi na zuba musu nasa daga jarka mai ganye a baki. Mai jan gemu ya ci nasa, ya ƙarasa na matarsa, ya leƙa tsohuwar tukunyar ya tambaya me ke ciki, aka zuba masa kalulu, miyar kifi da ganye, ya shanye har da suɗe kwano. Wani ya kawo rediyo, Inna Dumingas ta koya wa tsohuwar Lisbon juya ƙugu.

Da ta gaji da rawa, Inna ta koma kan bokitinta ta kira su biyun. Gari ya matso.

"Felismina, tara," ta ce, tana nuna bencin da yatsa ɗaya ɗaya. "Wancan mai gemun ma da za a bi gaskiya biyu ne."

Felismina ta goge wuƙar gyaran kifi a zaninta, ta miƙa wa ƙaninta ta wajen ƙota.

"Gobe da sassafe, Sinyor. Ba na tsangwamar ma'aikata."

"Kai kuma," in ji Inna, "nawa suka ci naka?"

Anakleto ya waiwaya wajen duwatsu, kowa ya waiwaya tare da shi. Teburan na nan a karkace inda aka ajiye su. Aladen Baba Zeferinu ya ɗora ƙafafunsa na gaba a kan na tsakiya, zanen gadon Inna ya naɗe masa a wuya. Ya gama da ayaba takwas da ganyensu, yana kan ta tara, yana haɗawa da kumfan bammi.

Anakleto ya ciro kifin da ke aljihunsa ya ajiye, ya gyara kintinkirin kafaɗa.

"Ɗaya, Inna. Amma ki duba, shi kaɗai ne ya san a sa ƙyalle a wuya."